Jawabin Maraba ga Baba Bishop da Tawagarsa daga Amurka, daga Ƙananan Ikilisiyoyin Methodist na Ƙasar Wurkun

Baba Bishop da 'yan tawagarsa, iyayenmu rabaran da fastoci, mai girma dagaci da masu unguwanni, iyayenmu mata 'yan zumunta, matasa, da maƙwabtanmu Musulmi da suka zo taya mu tarbar baƙi, muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Baba, sannu da zuwa, sannu da hanya. Labarin aikinka ya riga ka isowa. Wanda ya baro Amurka, ya kwana Jalingo, ya haye Binuwai ta Lau, ya sha ƙurar hanyar Karim Lamido don kawai ya durƙusa ya yi addu'a da mu, ai ƙafarsa ta riga ta faɗi ko shi wane ne. Allah ya ƙara girma, ya ja kwana.

Kwamiti ya ce kada mu ɓoye buƙatarmu a gindin takarda. Baba, ruwa muke nema. Rijiyar burtsatse ɗaya. Za mu dawo kanta, amma ka riƙe mana wannan tun yanzu.

Mu ba baƙin bishara ba ne. A 1906 Rabaran Guinter ya iso ƙasar nan daga Amurka ƙarƙashin mishan ta Sudan United Mission, ya yi shekaru yana aiki a Wukari, sannan a 1923 aka kafa tashar mishan a Bambur, a tsakiyar mutanenmu. Daga gindin duwatsun nan aikin ya tashi ya kai Pero, ya haye kogi, ya bazu a lardin Muri. Kakanninmu ne suka ɗauki kayan 'yan mishan a ka, su suka yanko ciyawar jinkar majami'u na farko, su suka koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, suka koma ƙauyuka da ƙafa suna koya wa wasu. Asibitin da aka sa wa sunan Guinter a ƙasarmu yake, haka ma makarantar tauhidi ta Banyam, inda fastoci da yawa suka yi karatu. Lokacin da ikilisiyarku da ta turo mana 'yan mishan ta haɗe da Methodist a 1968, mu ma muka bi sahu, har Allah ya nuna mana ranar da aka zaɓi ɗan ƙasa, marigayi Baba Done Peter Dabale, ya zama bishop na farko a 1992.

To, ga inda zuciya take yi mana zafi. Uwa ta haifi 'ya'ya, 'ya'ya sun gina gidajen sama a birni, ita tana nan cikin bukka. Baƙi sukan zo, su tsaya a manyan majami'u masu fanka da lasifika, a ɗauki hoto, a juya. Mu sai dai mu ji a bakin 'yan kasuwa cewa an yi baƙi. Mai bishara ɗaya ke zaga ikilisiyoyinmu a kan tsohon babur, in damina ta sauka rafuka suka cika sai ya jingine shi ya naɗe wando. Mun ji John Wesley ma a kan doki ya ƙare rayuwarsa yana bin ƙananan taruka irin namu, don haka ba ma jin kunyar ƙanƙantarmu. Mantuwa ce ke damunmu. Ka duba bencin da mutanenka ke zaune a kai, na laka ne, mata suka yaɓe shi shekaranjiya. Ƙararrawar da ta kira mu yau tsohon ƙarfen taya ne a rataye jikin maina. Baikonmu na Lahadi sau da yawa dawa ce da gyaɗa a ƙwarya, amma ba a taɓa rufe ƙofar nan ba.

Tunda addu'a ta kawo ka, ga abin da za ka ɗora a gaban Ubangiji. Rabuwar da ta auku a ikilisiyarmu a 2024 ta shiga har cikin gidaje, wa da ƙane ba sa zama benci ɗaya. Ka roƙa mana sulhu. Ka roƙa mana zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya. Ka tuna da samarinmu da suka tafi cirani ba su dawo ba. Kwanon rufin nan ma yana yoyo, amma wannan za mu lallaɓa.

Ruwa ne ba za mu iya lallaɓawa ba. Daga Fabrairu har saukar ruwan fari rijiyoyin hannu ƙafewa suke yi, domin ƙasarmu dutse ce, diga ba ta kaiwa. Tun kafin carar zakara matanmu ke fita da jarkoki zuwa busasshen rafi, su tona yashi da ƙoƙo, su zauna jiran ruwa ya tsattsafo. Abin da suke samowa launin kunu ne, shanu ma a nan suke sha. Yara mata na rasa darasin safe, ran Lahadi kuwa sai an kusa tashi sujada iyaye mata ke shigowa, zannuwa a jiƙe. Gudawa da taifot sun raba mu da yaran da muka yi wa baftisma a ɗakin nan. An taɓa zuwa aka auna, aka kafa turke, aka ce a jira injin. Turken har gara ta cinye shi.

Ba mu ce a yi mana komai muna naɗe da hannu ba. Dagaci ya ba da fili. Yashi, tsakuwa da aikin gayya namu ne, 'yan zumuntar mata kuma sun ɗauki nauyin tara kuɗin gyara. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne injin haƙa, tanki, da famfo mai aiki da hasken rana. Ruwan kuma na kowa ne, Kirista da Musulmi da Fulanin ruga.

Ga rago da kwalbar zuma, babu yawa, a yi haƙuri. In an tashi sujada, Baba, muna roƙo kafin ka ci abinci ka bi iyayenmu mata zuwa rafin, ka ga ramin da idonka, ka yi addu'ar a can.

Kwamitin Tarbar Baƙi, a madadin ikilisiyoyi.