Sharhi: Littafin Rajistar 'Yan Mazan Jiya

Jama'a masu sauraronmu, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya samo asali ne daga wani ɗan ƙaramin gari da ke kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, inda na yini a ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya. Ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano, da benci biyu, da tutar da rana ta kodar.

Sakataren ƙungiyar, dattijo mai furfura, ya buɗe akwatin ƙarfe ya ciro littafin rajista da aka naɗe cikin leda saboda gara. Ya ce mini, "Ɗana, wanke hannunka tukuna." Shafukan farko duk sunayen mutanen yaƙin Burma ne, kowane suna da lambar soja a gefensa, kuma kowanne an ja masa layi da jan biro, an rubuta "ya rasu".

Waɗannan su ne samarin da Turawan mulkin mallaka suka ɗiba daga ƙauyukanmu a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila. Wasunsu sun fara gwabzawa da Italiyawa a gabashin Afirka, har suka shiga Mogadishu a 1941. Daga baya aka kwashe runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can sai kurmin Burma, inda suka fuskanci sojojin Japan har 1945. A dajin da mota ba ta shiga, a ka suka ɗauki harsashi da abinci. Duk wanda ya wuce barikin Dalet a Kawo, ko barikin Chindit a Zariya, sunayen wancan yaƙin yake karantawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Da suka dawo gida, a gindin bishiya suka fara taruwa. Wanda ya iya boko ya rubuta wa 'yan'uwansa takardar neman haƙƙinsu, a yi adashi, a tara kuɗin likkafani ko na akwatin gawa idan wani ya cika. Da aka kafa ƙungiyar Nigerian Legion a 1964, sai taron gindin bishiya ya koma reshe mai hatimi da shugabanni. Mutanen yaƙin basasa, na 1967 zuwa 1970, su suka cika tsakiyar littafin. Bayansu sai na Laberiya da Saliyo, sannan shafukan ƙarshe, inda matan da suka rasa mazajensu a Arewa maso Gabas ke sa hannu a madadinsu.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne zaman bencin nan. A jihar da unguwanni suka rabu saboda rikicin addini, na ga Musulmi da Kirista kafaɗa da kafaɗa, suna kiran juna da tsohon muƙami, wannan Saje, wancan Kofur. Lokacin azahar ya yi, wasu suka tashi alwala, sauran suka tsare musu kujera.

To amma mu fa? Sai ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, muke tuna su. A ajiye furanni, a saki farar tattabara, manya su maƙala tambari a ƙirji, a watse. Sauran kwanakin shekara, tsohon da ya yi yaƙi yana bakin ƙofar wani yana gadi, ko yana layin tantance 'yan fansho da sanda a hannu. Wallahi wannan bai dace da mu ba.

Kirana ga ƙananan hukumomi shi ne su gyara waɗannan ɗakuna, su sa a kwafe littattafan kafin ruwa ko gobara su riga mu. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna kuma, ga aiki a bakin ƙofarku. Wayar hannu ta isa a naɗi muryar dattijo. Mutanen Burma sun riga sun kuɓuce wa wannan garin, na yaƙin basasa kuwa mafi ƙanƙantarsu ya haura 70.

Da zan tafi, sakataren ya nuna mini nasa sunan a tsakiyar shafi. Na sama da shi an ja masa jan layi, haka ma na ƙasa. Ya mayar da littafin cikin leda, ya kulle akwatin, ya rako ni har bakin titi.