Jakar asibiti: shirin kwanciyar ƙaramin yaro da za a yi wa aikin zuciya

Assalamu alaikum. Likita ya sa rana. Ɗanki mai shekara biyu, wanda hoto ya nuna akwai rami a zuciyarsa, za a shiga da shi tiyata nan da 'yan makonni. Kuɗi ana ta haɗawa, addu'a kuwa tun ranar farko ba a daina ba. Yau maganarmu a kan abin da ke hannunki ne: me za ki zuba a jaka, kuma wa zai riƙe miki me.

Kusan jariri 1 cikin kowane 100 ana haifarsa da wata matsala a zuciya, wasu ƙanana ne da ke rufewa da kansu, wasu sai an yi aiki. A Najeriya tun 1974 aka fara aikin buɗe zuciya, a asibitin koyarwa na Inugu, amma har yau wuraren da ake yi wa yara ƙanana ba su da yawa. Shi ya sa iyali daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kan tsinci kansu a Abuja, ko Legas, ko Indiya, inda ba maƙwabciyar da za ki aika ta ɗauko miki abin da kika manta.

Mu fara da riga, don a nan aka fi yin kuskure. A yawancin irin wannan aiki, ta tsakiyar ƙirji likita ke shiga. Ana raba ƙashin ƙirji, a gyara zuciya, a mayar da ƙashin a ɗaure. In aka fito da yaro, za ki gan shi da bandeji tun daga ƙasan wuya zuwa saman ciki. Ƙarƙashin bandejin akwai roba ɗaya ko biyu masu fitar da jini da ruwa. Ga wayoyi manne a ƙirji da ke nuna bugun zuciya a allo, ga allurar ƙarin ruwa a hannu ko a wuya, ga wata 'yar jar fitila a yatsa mai auna iskar da ke cikin jini. Gara ki ji wannan tun yanzu, don ranar kada ƙafafunki su kasa ɗaukarki. Kowace roba da aikinta, kuma ɗaya bayan ɗaya ake cire su.

To yaron da ke cikin wannan hali ba a zura masa riga ta ka. Zura riga ta ka na nufin ɗaga hannuwa sama, ɗaga hannu kuwa yana jan ƙirji. Abin da kike buƙata riga ce mai buɗewa ta gaba tun daga wuya har ƙasa, mai maɓallai, yadda wayoyi za su fita ta tsakaninsu, nas kuma ta duba ciwo ba tare da an tayar da yaro ba. In ba ki samu a kasuwa ba, tela na nan. Ki sayi yadin auduga mai laushi, ki ce ya ɗinka guda huɗu ko biyar, ya sake su fiye da awon yaron, hannu gajere mai faɗi. Ki jaddada masa kada ya yi aiki a wuya ko a ƙirji, don zaren da ke yi wa kayan sallah kyau shi ne zai riƙa gogar ɗinki. Wando mai roba sassauƙa, safa ƙafa biyu ko uku, da ƙaramin bargo, domin ɗakin kulawa ta musamman akwai sanyin na'ura. Ki wanke komai, ki shanya a rana, ki goge, ko da sabo ne. A kwanakin farko ma yawanci famfas kawai yaro ke sanye da shi, rigunan sai an koma babban ɗaki.

Famfas ɗin ki tanadi fiye da yadda kika saba. Ana yawan ba yara maganin sa fitsari bayan aikin, don rage ruwan da ke taruwa a jiki. Kuma kada ki yar da wanda kika cire sai kin tambaya, domin ma'aikatan jinya kan auna nauyinsa su san yawan fitsarin da ya yi. Haka ruwan sha ma da awo ake ba shi a farko. Zai yi kuka yana miƙa hannu, zuciyarki za ta karye, amma kada ki ba shi a ɓoye.

Jigida, awarwaro, 'yan kunne, da duk abin da aka rataya wa yaro a wuya ko a ƙugu, a cire a bar su a gida. Lalle ma a haƙura da shi, saboda likitoci na duba launin farce da na leɓe. Abu ɗaya da zan roƙe ki kada ki bari shi ne zanin goyonsa, wanda ya saba da ƙamshinsa. Yaro ya farka cikin fitilu da baƙin fuskoki, ya shafa ya ji zanin Mama, wallahi wannan kaɗai yana kwantar da shi. Ki haɗa da kofinsa da abin wasa ɗaya mai wankuwa.

In kina shirin yaye shi, ki ɗaga sai bayan ya warke. In kuma ya riga ya koyi zama a fo, sai kika ga ya koma fitsarin kwance ko ya maƙale miki kamar jinjiri, kada ki yi masa faɗa, tsoro ne, zai wuce. Ki daina yi masa barazana da allura tun yau. Ana jibi tafiya ki gaya masa da gajerun kalmomi: likita zai gyara ƙirjinka, za ka yi barci, in ka tashi ina nan.

Kafin ranar, ki tsare shi daga mai mura da tari, ya riƙa kwana cikin gidan sauro. Zazzaɓi ko tari na iya sa a ɗaga aikin, don haka in ya kama, ki kira asibiti kafin ku hau mota. In yana da ruɓaɓɓen haƙori, ko yana da sikila, ko akwai wani magani da yake sha, na asibiti ko na gargajiya, ki faɗa. Dokar hana ci kafin aiki galibi awa 6 ce ga abinci da madarar gwangwani, awa 4 ga nono, amma abin da asibitinku ya rubuta shi za ki bi.

Yanzu ga maganar da na fi so kowa a gidan ya ji, har kaka da 'yar goyo. Ƙashin ƙirji na ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. A wannan tsakani ba a ɗaga yaro ta hammata, ba a jan shi da hannu. Ki tuna yadda muke goyo: a kama damtse ɗaya a wurga yaro baya, a ja majanyi a tamke, ƙirjinsa manne da bayan uwa. Duk wannan a dakata da shi sai likita ya ba da izini. Yadda za a ɗauke shi: hannu ɗaya a ƙarƙashin mazaunansa, ɗaya a bayan kafaɗu da wuya, a tallafo shi gaba ɗaya. Ki fara gwadawa tun kafin tafiya, don hannu ya saba, saboda cikin dare da magagin barci hannu abin da ya sani yake yi.

Ke ma mai jinya kina da jaka. Kaya masu sauƙin wanki, silifa, dadduma, filas, caja, da littafi da biro don rubuta sunan magani da lokacinsa. Takardun yaro duka, har sakamakon hoton zuciya, a leda ɗaya. In aiki ya tafi lafiya, kwanciyar kan kai mako guda, wani lokaci ta fi, don haka a samu mutum na biyu da zai karɓe ki ki runtsa.

'Yan uwa da abokan arziki, gare ku. Kowa zai ce in akwai abin da ake buƙata a faɗa, uwa kuwa kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba. Ku raba aikin da kanku. Yaya ta ɗauki sauran yara da kai su makaranta. Gwaggo ta riƙe girki. Kawu da samarin gida su je a gwada jininsu da wuri, domin asibitoci da yawa sukan nemi dangi su ba da jini kafin a shiga aiki. Mutum ɗaya ya riƙe waya yana sanar da dangi ta WhatsApp, a bar uwa ta ji da ɗanta. Dubiya sunna ce kuma zumunci ne, amma a makonnin farko a taƙaita ta. Mai mura ya yi gaisuwa ta waya, mai shigowa ya wanke hannu da sabulu, turaren wuta da hayaƙin murhu a nisanta su da ɗakin.

Bayan sallama, ciwon a bar shi a bushe. Ba man kaɗanya, ba zuma, ba hoda, kuma ba a zaunar da yaro cikin baho ruwa ya jiƙa ɗinkin sai an ce miki ya yi. In kika ga zafin jiki ya kai digiri 38 a ma'aunin zafi, ko wurin ya yi ja yana fitar da ruwa ko mugunya, ko numfashi ya yi sauri, ko fuska da ƙafafu sun kumbura, ko ya ƙi cin abinci, ko leɓe ya sauya launi, kada a tsaya kemis, a koma asibiti nan take. Kafin ku bar gadon, ki karɓi lambar da za ki kira ko da tsakar dare ne, ki rubuta ranar komawa ganin likita a shafin farko na littafin nan naki. A wannan zuwan ne za ki tambaye shi yaushe za a koma goyo. Allah ya ba shi lafiya, ya sa a yi aiki a sa'a.