Tantin roba ya kusa gasa ni a Marzuga

Assalamu alaikum mutanen Kaduna, 'yan Tudun Wada, Rigasa, Unguwar Rimi, ina gaisuwa. Ku yi haƙuri da fuskar nan tawa, ta koma kamar an tsamo ni daga madambaci. Ina Marzuga, kudu maso gabashin Maroko, dab da iyakar Aljeriya. Tuddan yashin nan na bayana su ne Erg Shebbi, wasu sun kai mita 150. Daga Fas muka taso, kusan awa takwas a mota.

Ku kalli abin da ya ɓata min rai. Wannan shuɗin tantin, dirhami 600 na zube a kansa, mai shago yana ta rantse-rantse wai an yi shi ne don sahara. Da hantsi na shiga in ɗan kishingiɗa, na zuge zif ruf saboda ƙuda. Wallahi ban yi minti goma ba. Zufa har cikin kunne, wayata ma ta yi zafi ta kashe kanta. Kun san bas a Kawo cikin watan Afrilu, an maƙale a cunkoso, taga ta ƙi buɗuwa? To, wannan wasa ne.

Da rarrafe na fito. Wani dattijo mai kula da raƙuma yana zaune yana kallona, ya yafito ni, ya ce "weldi", wato ɗana, ya nuna min nasa tantin. Baƙi wuluk. Na ce haba Baba, baƙin tanti a wannan rana? Mu dai tun muna yara mun san baƙin kaya zafi yake ja. Bai ce komai ba, ya ɗage min gefe. Jama'a, ba sanyin firji ba ne, kar in yi muku ƙarya, amma numfashina ya dawo.

Haima suke ce masa, saƙar gashin akuya ce, wasu kan haɗa da na raƙumi. Bari in ɗaga kyamara sama. Kun ga 'yan ɗigon hasken nan kamar taurari? Ramukan saƙa ne. Rana ta bugi rufin, iskar da ta ɗau zafi ta yi sama ta fice ta nan, sai wata ta shigo ta gefen da aka ɗage. Ga inuwa mai kauri, ga rufin ya yi nisa da kanka. In ruwa ya sauka kuma, gashin ya kumbura ya toshe ramukan da kansa. Nawa kuwa leda ce kawai, rana na ratsa ta, zafi ya shiga ya rasa ƙofar fita.

Nan take rumfar zanar kakata a Rigasa ta faɗo min a rai. Nan muke kwanciya da azahar, ga randa a gindin bango. Mu ne da wayewarmu muka yaye ta muka buga kwano, yanzu kowa na zaune da mafici yana jiran a kawo wuta. Allah ya jiƙan Hajiya, da ta ga wannan haimar cewa za ta yi ai tamu ce.

Baba bai bar ni haka ba. Ya ɗauko tsohon bargo, muka kafa sanduna huɗu muka ɗaure shi saman tantina, da tazarar kamar kamu ɗaya, ya ce kar ya taɓa tantin ko kaɗan, iska ce za ta riƙa bi tsakani. Ya juya ƙofar ta kalli inda iska ke fitowa, ya buɗe ta baya ma. Sannan ya jiƙa rawaninsa ya rataye a bakin ƙofa. Iskar nan busasshiya ce ƙayau, tana shanye ruwan tana tafiya da zafi, daidai yadda tulu da salka suke sanyaya ruwa. A Kaduna da bazara zai yi muku aiki, amma kar wani ya gwada a Agusta ya zo yana zagina.

Ni ma ban bari an raina mu ba. Na ba shi labarin Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a 2000. Baba ya gyaɗa kai. Ko ya gane gurguwar Larabcina, oho.

Duk mai shirin zuwa, ni dai na gaya maka: kar ka ƙarar da ruwan shanka wajen jiƙa tsumma. Turaku ba sa kama yashi, cika buhu da yashi ka binne ka ɗaure igiya a jiki, ni turakuna sau biyu iska tana tuge su. Kar ka kafa tanti a busasshen rafi don ka ga wuri shimfiɗe, ruwa kan taho daga nesa ba sallama. Kuma ka zo da rigar sanyi, don da asuba sai da na kwance bargon nan na sama na lulluɓa.

Ga Baba can yana ɗaga min butar shayi. Cajin ma saura kaɗan, sai na dawo.