Dattijon da ke kwasar toka kyauta a Itasca

Jama'a assalamu alaikum, ku dubi bayana. Wannan ɗan ruwan da yara ke tsallakewa a kan duwatsu, wallahi shi ne kogin Misisifi. Nan ya faro, daga tafkin Itasca da ke cikin wannan gandun dajin a arewacin jihar Minesota ta Amurka, ga gungumen katako can an rubuta mil 2,552 zai yi kafin ya faɗa teku. Amma ba shi ya sa na kunna kyamara ba.

Da sassafe na hango wani dattijo Bature, sa'an babana, ya durƙusa yana kwashe toka daga murhun tantin da ke kusa da namu. Kunya ta kama ni, na ce Baba kawo shebur ɗin. Ya yi dariya ya hana. Da hira ta yi daɗi na ce nawa ake biyansa. Ko sisi! Ya yi ritaya ne, shi da matarsa suka tuƙo motarsu mai ɗaki a ciki, hukumar gandun dajin ta ba su wurin ajiye ta kyauta, su kuma su yi makonni suna tarbar baƙi, suna nuna hanya, suna tsince shara. Iyakar cinikin ke nan.

Ni kuwa sai na tuna gayya. Ranar da ake yaɓen ɗakin kakata, samarin unguwa kaf suka fito, ladansu kunu da goro. Ashe abin namu ne, su dai sun sa masa fom da jadawali. Tun 1891 aka keɓe wannan dajin, shi ne mafi tsufa a jihar, kuma har yau tsaf. Na je Yankari ina yaro, kuma gaskiya ruwan Wikki ya fi wannan daɗin wanka nesa ba kusa ba, wannan sai ka ce ƙanƙara aka narkar.

Akwai kuma aikin albashi, ba na sa kai kaɗai ba. Galibi na bazara ne, daga wajen watan Mayu zuwa kaka: sayar da takardar shiga a ƙofa, yankan ciyawa, wanke banɗaki, aikin kicin a Douglas Lodge, wancan masaukin na katako. A shafin neman aiki na gwamnatin jiha ake cike fom, kuma tun dusar ƙanƙara ba ta narke ba ake fara ɗauka. Ka jira Yuni, an gama rabo. Mu ma dala 7 muka ba da a ƙofa kan mota, ba ta kai kuɗin shawarma ba.

Amma ɗan'uwa, in bizar karatu ko ta ziyara gare ka, kada ka ji "sa kai" ka ruga. Wurin kwana kyauta ana iya lissafa shi a lada, sai ka janyo wa takardunka abin da ba ka shirya ba. Ka fara tambayar ofishin ɗalibai na makarantarku. Sannan ba ka da mota, kada ma ka soma, kusan awa 4 muka yi daga birnin Miniyafolis. Kada kuma ka ɗebo itacen gida, an hana saboda ƙwarin da ke kashe bishiyoyi, a nan za ka saya.

Isha'i kuwa a Yuni sai wajen 11 na dare, kafin ka juya asuba ta yi. Ga kaska, kullum sai ka duba ƙafa da hammata saboda cutar da take sawa. Sauronsu kuma, kai, na gida ƙanensa ne. Ga ɗaya nan ya samu wuyana. Bari in je in ga ko Baba zai yarda ya karɓi ko da shayi ne.