Tsuntsun da ke saukowa daga bishiya da ka, da dajin da ke ƙare masa

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri yau da raɗa-raɗa zan riƙa magana, ina cikin wani tsohon daji ne a kudancin Ingila kuma abin da nake son nuna muku baya son hayaniya. Bari in juya kyamara. Kun ga jikin bishiyar can mai kauri? Ku duba sama kaɗan da inda reshe ya rabu biyu. Yauwa, ga shi nan, bayansa shuɗi-shuɗi kamar toka, cikinsa ruwan goro, ga wani baƙin layi ya ratsa idonsa kamar an ja masa kwalli. Wannan tsuntsu shi ake kira nathach da Turanci. Tsawonsa duka duka bai wuce santimita 14 ba, amma ku kalli yadda yake saukowa, kai a ƙasa wutsiya a sama, hankalinsa kwance. Sauran tsuntsayen da ke hawan itace a nan sai sun dogara da wutsiya, shi kam faratansa sun ishe shi.

Toh ku biyo ni nan, wannan ne ma ya fi burge ni. Kun ga wannan kogon? Ku lura da bakinsa, akwai busasshiyar laka an shafe ta zagaye, har ana ganin ɗan tabon baki a jiki. Macen ce ke wannan aiki, ta ɗebo laka da baki ta riƙa liƙawa har sai ƙofar ta rage daidai jikinta, yadda babban tsuntsu ba zai iya kutsawa ya ƙwace mata gida ba. Amma fa ba ita ta haƙa kogon ba, samunsa ta yi, ko dai reshe ne ya karye wurin ya ruɓe a hankali, ko tsuntsun nan mai sassaƙar itace da baki ya haƙa ya tashi. Kuma irin wannan kogo ba a samunsa a ƙaramar bishiya, sai wadda ta kwana biyu sosai, wadda ɓawonta ya tsattsage har ƙwari suka samu maɓoya, shi ma ya samu inda zai cusa ƙwaya ya fasa ta da baki ko ya ɓoye ta saboda lokacin sanyi.

Gaskiya a nan Birtaniya wannan tsuntsu baya cikin matsala yanzu, ƙaruwa ma yake yi, yana matsawa arewa, a 1989 aka fara tabbatar da ya yi sheƙa a Sikotland. Sai dai akwai halinsa guda ɗaya da ya kamata ku sani, baya son tafiya mai nisa kuma baya son ƙetare fili ko ruwa, shi ya sa ga Ayland nan kusa amma babu shi a can. In aka yanka daji da titi da gonaki da gidaje ya zama guntu-guntu, 'ya'yan da suka tashi sai su rasa inda za su je su kafa nasu wurin. Tsohon daji irin wanda nake ciki, wato wanda yake tsaye tun kafin shekarar 1600, kashi 2.5 cikin ɗari ne kawai na ƙasar ya rage. Ga cutar da ke busar da itatuwan ash da aka tabbatar da shigowarta a 2012, ga tsirya, koren akun nan mai doguwar wutsiya da ya cika wuraren shaƙatawa na Landan, shi ma kogo yake nema kuma yana riga nathach fara sheƙa, a Beljiyam ma masu bincike sun ga inda tsirya ta yi yawa nathach yana raguwa.

Amma 'yan uwansa na wasu wurare ne suke tsaya min a rai wallahi. Akwai na tsibirin Kosika na Faransa, duk duniya nan kaɗai yake, kuma ba ko'ina a tsibirin ba, sai cikin tsofaffin itatuwan fayin na kan duwatsu, masu shekaru ɗaruruwa, su ne kuma masu katako suka fi so, abin da gatari ya bari wutar daji ta zo ta lashe. Akwai na Aljeriya, wanda sai a 1975 masana suka san da zamansa, lokacin da wani ɗan Beljiyam mai suna Jean-Paul Ledant ya gan shi a dutsen Babor. Dazuzzuka kaɗan ne yake cikinsu a yankin Kabiliya, kuma abin da ke cinsa ba gobara da sara kaɗai ba ne, har da kiwo, dabbobi suna cinye ƙananan itatuwa tun suna tsiro, sai ka ga daji a tsaye da manyan bishiyoyi ka ɗauka lafiya lau, alhali babu na baya da za su gaje su.

Na tsibiran Bahamas kuwa, can kusa da Amurka, hmm. Tsibiri ɗaya yake, Grand Bahama, an sare masa daji tun da daɗewa saboda katako, guguwar Matthew ta zo a 2016 aka zaci ya ƙare, a 2018 masu bincike suka bi dajin lungu-lungu na tsawon watanni suka samu ɗaya ko biyu, mutane suka yi ta murna. Shekara na zagayowa, Satumban 2019, guguwar Dorian ta zo ta tsaya cak a kan tsibirin fiye da kwana guda, ruwan gishiri ya shiga dajin ya kashe itatuwa, daga nan ba a sake tabbatar da ganinsa ba har yau.

Shi ya sa in na ji ana cewa an sare tsohon daji amma an shuka dubban itatuwa a madadinsa, raina baya kwanciya. Shukar tana da kyau, a yi ta, amma dashen bana ba shi da kogo, ba shi da ruɓaɓɓen reshe, sai bayan jikokinmu zai yi wa wannan tsuntsu amfani, kafin nan a ina zai kwana? Ku zo ku ga abin da masu kula da wannan daji suka yi, ni dai na yaba. Wannan ash ɗin ta mutu kuma tana bakin hanya, ana tsoron kar ta faɗo wa mutum, maimakon su tumɓuke ta gaba ɗaya sai suka sare rassan sama kawai suka bar gangar jikin a tsaye, rassan kuma suka jibge su nan gefe su ruɓe. Bari in matso, kun ga ramukan ƙwari a jiki, ga naman kaza ya fito ta wannan gefen, can sama kuma har an fara haƙa sabon kogo. Zan gangara ta wancan ɓangaren inda aka ce akwai manyan itatuwan oak, in haske ya bari in ɗauko muku su.