Katangar Memori: Dalilin Da Ke Sa Manyan Kwamfutoci Zaman Jira

A shekarar 2022, kwamfutar Frontier da ke cibiyar bincike ta Oak Ridge a jihar Tennessee ta Amurka ta zama ta farko da ta haura lissafi tiriliyan miliyan ɗaya a daƙiƙa guda a gwajin da ake jera manyan kwamfutocin duniya da shi, wato HPL. Ta kai fetafulof 1,102, fetafulof ɗaya kuwa lissafi tiriliyan dubu ne a daƙiƙa. Da aka ɗora ta a kan wani gwajin daban mai suna HPCG, abin da ta iya yi bai wuce fetafulof 14 da 'yan kai ba. Ba a canza injin ba, ba a rage masa wuta ba, amma saurinsa ya faɗo ƙasa da kashi 2 cikin ɗari na abin da ya nuna da farko. Har ma kwamfutar Fugaku ta birnin Kobe a Japan, wadda ta tsaya a fetafulof 442 a gwajin farko, ta sha gabanta a na biyun da kimanin fetafulof 16.

Masu kallo, abin da ya jawo wannan tazara shi ne memori, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke ɗauko alƙaluman da take aiki da su. Furosesa, wato ɓangaren kwamfuta da ke yin lissafin, ba ta iya lissafi da abin da bai iso hannunta ba, kuma shekara da shekaru saurin furosesa yana ƙaruwa fiye da saurin memori nesa ba kusa ba. Tun a 1995, William Wulf da Sally McKee na Jami'ar Virginia suka yi gargaɗin cewa za a kai matakin da ƙara wa furosesa sauri ba zai tsinana komai ba, domin jiran memori ne zai riƙa cinye lokacin, suka kuma kira wannan yanayi katangar memori.

Matsalar tana da fuska biyu, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Ta farko ita ce jinkiri. Idan furosesa ta nemi alƙalami daga babbar memori nau'in DRAM, amsar takan ɗauki kimanin nanosakan 100 kafin ta iso (nanosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa), furosesar da ke bugawa sau biliyan biyu a daƙiƙa kuwa ta riga ta yi bugu ɗari biyu a wannan ɗan lokacin, hannu rabbana. Ta biyu ita ce faɗin hanya, wato yawan bayanan da za su iya wucewa a daƙiƙa ɗaya, kuma a nan ne ya dace mu ɗan tsaya mu yi lissafi da furosesar Fugaku, wadda kamfanin Fujitsu ya ƙera mai suna A64FX.

Wannan furosesa tana da cibiyoyin lissafi 48, tana iya yin lissafi sama da biliyan 3,000 a daƙiƙa, memorinta kuma tana turo gigabait 1,024 a daƙiƙa. Tunda kowane alƙalami irin na aikin kimiyya yana cin bait 8 (gigabait ɗaya kuwa bait biliyan ɗaya ne), alƙaluma biliyan 128 ke nan suke isowa. Idan aka raba, za a ga cewa sai an yi lissafi kusan 25 a kan kowane alƙalamin da aka ɗauko kafin furosesar ta yi aiki iya ƙarfinta. To, a ɗauki aiki mai sauƙi na haɗa dogayen jeri biyu na alƙaluma: ana karanta biyu, a rubuta ɗaya, lissafi guda kawai aka yi. Lamarin ya zama tamkar injin niƙa da zai iya cinye buhu a minti guda, amma ana zuba masa hatsi da ludayi.

Wannan ne ya bambanta gwaje-gwajen nan biyu. HPL yana ninka manyan jadawalan alƙaluma masu cike, inda ake ɗauko alƙalami sau ɗaya a yi ta amfani da shi, saboda haka furosesa ba ta rasa abin yi. HPCG kuwa, wanda Jack Dongarra da Michael Heroux suka gabatar a 2013, yana aiki da jadawalan da akasarin gurabensu sifili ne, alƙaluman da ake buƙata suna warwatse, kuma da zarar an taɓa ɗaya sai a nemi wani. Ayyuka da yawa na haƙiƙa, kamar kwaikwayon gudanar iska da ruwa ko yaɗuwar zafi a cikin ƙarfe, sun fi kama da na biyun, shi ya sa matsayi a TOP500, wato jerin manyan kwamfutocin duniya da ake tsarawa da gwajin HPL, shi kaɗai bai isa ya nuna amfanin kwamfuta ga mai bincike ba.

Injiniyoyi sun daɗe suna rage raɗaɗin matsalar da ƙananan ma'ajiyoyi masu sauri da ake ginawa a jikin furosesar kanta, waɗanda ake kira kash. A yawancin furosesoshi, idan aka nemi alƙalami ɗaya, ana kawo tsinken bait 64 ne gaba ɗaya, wato alƙaluma takwas da ke maƙwabtaka da juna. Manhajar da ke bin alƙaluma bi da bi za ta mori duka takwas ɗin, wadda ke tsalle-tsalle kuwa za ta ɗauki ɗaya ta zubar da bakwai. Harshen Fortran yana jera jadawali a memori daga sama zuwa ƙasa, harshen C kuma daga hagu zuwa dama, don haka mai rubuta manhaja da ya juya tsarin zagayensa ba daidai ba yana iya rage saurin aikinsa ninki da yawa ba tare da ya sauya ko lissafi ɗaya ba.

Ta ɓangaren ƙira, mafitar da ta fi tasiri a 'yan shekarun nan ita ce memori nau'in HBM, inda ake ɗora faifan DRAM kan juna hawa-hawa, a dasa su dab da furosesa, a haɗa su da layukan sadarwa aƙalla 1,024 ga kowane tari. Ita ce ta ba Fugaku faɗin hanyar da muka ambata, sai dai ba kyauta ba: gigabait 32 kacal kowace furosesa ta samu, jinkirin kuma bai ragu ba, tsadarta ma ta fi ta DRAM na yau da kullum ƙwarai. Akwai kuma batun wuta, domin ɗauko alƙalami daga DRAM yana cin makamashi ninkin ba ninkin abin da lissafin kansa ke ci, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga injin da ke shan megawat sama da 20 kamar Frontier.

Kwamfutar El Capitan ta cibiyar Lawrence Livermore a California, wadda ta hau kan jerin TOP500 a Nuwamban 2024, ta ɗauki mataki na gaba. Guntunta na AMD MI300A ya haɗa furosesa da na'urar lissafi ta GPU a mazubi ɗaya, suna tarayya a kan gigabait 128 na HBM, ta yadda ba sai an riƙa kwafar bayanai daga memorin wannan zuwa na wancan ba kafin a fara aiki.