Ka ɗaga bod amma USB siriyal ɗinka bai ƙara gudu ba, me ke faruwa?

To jama'a mu ci gaba. Bod shi ne adadin bit da layin siriyal, wato wayar da ke tura data bit ɗaya bayan ɗaya, ke ɗauka a sakan. Tambayar da ta fi yawa ita ce, malam na kai bod 921600 amma data na tafiya kamar ban taɓa komai ba. Mu fara da lissafi tukuna. A tsarin 8N1 kowane bait bit 10 yake ci, takwas na data, ɗaya na farawa ɗaya na tsayawa, kenan bod 115200 ba zai wuce bait 11,520 a sakan ba ko me za ka yi.

Amma matsalar yawanci a ɓangaren USB take. USB ba ya tura bait ɗaya-ɗaya, fakiti yake turawa, kuma kwamfuta ce ke tambaya, na'ura ba ta magana sai an ce mata me kike da shi. A USB mai gudun megabit 12, fakitin bait 64 ne, a cif ɗin kamfanin FTDI, wanda ke haɗa siriyal da USB, biyu na farko ma na bayanin halin layi ne, saura 62 naka. To idan amsar da na'urarka ta turo bait 10 ce kacal fa? Cif ɗin ba zai tura ba, zama zai yi yana jira ko fakitin zai cika, kamar motar haya da ke jiran fasinja, sai agogonsa ya buga sannan ya tashi da abin da ya samu, kuma agogon nan milisakan 16 aka saita shi tun daga kamfani. Ku lissafa da kanku, idan firogiram ɗinka tambaya yake yi ya jira amsa ya sake tambaya, zagaye wajen 62 kawai za ka samu a sakan, ko da bod miliyan 3 ka sa, wanda shi ne iyakar cif ɗin FTDI mai suna FT232R.

Gyaran ba wuya. A Linux ka shiga /sys/bus/usb-serial/devices/ttyUSB0/, akwai fayil latency_timer, shi ne agogon nan, ka rubuta 1 a maimakon 16. A Windows yana cikin saitin fot ɗin a Device Manager. Sai dai ni a ganina wannan rabin magani ne, gyara na gaske shi ne ka daina tambaya ɗaya amsa ɗaya, ka tara umarni ka tura a dunƙule, ka karanta da babbar bafa, wato wurin tara data kafin a karanta, ba bait guda-guda cikin lup ba. In ka haura megabit ɗaya kuma ka kunna RTS/CTS, wato layukan da mai karɓa ke ce wa mai turawa dakata ko ci gaba, in ba haka ba bafa ta cika bait su zube ba ka sani ba.

Wani ya ɗaga hannu yana tambaya ko ƙananan alluna irin su Raspberry Pi Pico da Arduino Leonardo daban suke. E, waɗannan USB ɗinsu a cikin cif yake, direban CDC ACM, mai sa USB ya fito kamar fot ɗin siriyal, suke amfani da shi, lambar bod da ka rubuta ba ta da tasiri a gudun datar, 9600 da 115200 duk ɗaya. Mai son fin bod miliyan 3 da UART ta gaske, wato ainihin layin siriyal, sai ya nemi cif ɗin FT232H, tana kan USB mai megabit 480, fakiti bait 512, bod har miliyan 12, amma fa a gajarta waya.